Ƙwan Fitilar da Baba Yake Zagi

Motata tsohuwa ce, irin mai dogon bayan nan da ake loda wa tumatir da albasa daga lambunan Watari. Hannu na uku na saye ta, bayan na daɗe ina koyarwa a firamaren garinmu. A rufinta daga ciki, daidai tsakanin kujerun gaba, akwai wata 'yar fitila mai murfin roba da ya dafe saboda daɗewa. In an kunna ta sai ta kawo wani haske ja-ja, kamar aci-balbal da mai ya kusa ƙare mata. Ban san abin da ya sha zagi a bakin mahaifina kamar ƙwan fitilar nan ba.

Baba malami ne kuma manomi. Noman ya bar mana tun da gwiwa ta fara damunsa, abin da ya rage masa a duniya shi ne karatun Alhamis. A wani ƙauye ne a kan hanyar Shanono, inda magidanta suke taruwa a zaure da sassafe kafin su wuce gona. Kowa da littafinsa na fiƙihu, ya karanta baƙi, Baba ya fassara ya warware masa. Ya fi shekara ashirin yana zuwa, da a keke, daga baya a babur, da na sayi mota kuma sai kai shi ya dawo wuyana. Tun ranar Laraba Inna take wanke masa farar rigarsa ta ninke. In Alhamis ta wuce, sauran kwana shidan jiran wata Alhamis ɗin kawai yake yi.

Yana da wata magana da duk ɗalibansa suka sani. Yakan ce fiƙihu amana ne, ba a koyar da shi da ka. Duk malamin da idonsa ya daina ganin baƙi, to ya naɗe buzunsa ya ba wa masu ido wuri, kada ya halatta wa mutane haram yana zaton ya tuna daidai. Na sha jin ya faɗe ta, har a kan wani dattijo da ya girme shi. Baba kuwa ba ya magana biyu.

Muna idar da sallar asuba muke tashi, gari bai waye ba. Baba a gidan gaba, Baffa a baya. Baffa ƙanin Baba ne, kuma yana cikin masu ɗaukar karatun. A mota Baba yake muɗala'a, wato duba darasin da zai bayar. Kullum haka abin yake tafiya. Zai ce, "Kunna mana abin nan naka." In kunna. Ya buɗe littafi, ya kai shi kusa da fuska, ya matsar, sannan ya ja tsaki.

"Kai malamin boko, wannan ƙwai ne ko garwashi? Mutum ya sayi mota ya kasa sayen haske."

Sai Baffa ya karɓe daga baya. "Wallahi Yaya, ni nan ko tafin hannuna ba na gani. Miƙo littafin in karanto maka da tocila."

Baba ya miƙa masa yana mita. Baffa ya haska tocilarsa yana karantawa a hankali, Baba ya jingina yana saurare, yana gyara masa wasali in ya karkace. Kafin mu isa an gama darasin tsaf. Na taɓa cewa Baffa ya ba shi tocilar mana ya duba da kansa, sai ya ce haskenta tsalle yake yi a kan takarda. Ban kawo komai a raina ba.

Kusan shekara biyu ana haka, abin yana cina. Ni mutum ne mai zuciya, ba na son a riƙa nanata mini laifi ɗaya, ballantana a gaban Baffa, wanda shi ko keken kirki ba shi da shi. Wata rana na ce wa Inna zan sauya ƙwan kowa ya huta. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ka bar ƙwan nan, me ya tsare maka?" Na ɗauka tattalin tsofaffi ne. Da na faɗa wa Baffa shi ma cewa ya yi, "Ƙyale shi. Tsohuwar mota ba a tona mata waya." Na ce a raina, ku ne masu zagi, ku ne kuma masu hana gyara.

A tsakiyar daminar shekara ta biyun aka tura mu malaman firamare wani taro a Kano. Da aka tashi na biya wajen masu sayar da kayan mota. Mai shagon ya zaro mini wani ɗan ƙwai mai ƙananan idanu a jere, ya ce LED ake kiransa. "Malam, wannan ba ya zafi, ba ya shan batir. Sai dai motar ta mutu ta bar shi." Ya ƙara da cewa in na sa bai kama ba, in juya shi, don shi yana da kai da gindi, ba kamar tsohon yayi ba. Na sayi biyu, har da na fitilar rufi ta saman kujerar baya wadda ta daɗe da mutuwa.

Ranar Laraba bayan la'asar na ja motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Na naɗe bakin sukundireba da tsumma don kada in fasa robar, na zura a gefen murfin na ɗan banƙara. Ya ƙi. Na sake gwadawa ta ɗaya gefen, sai ya yi ƙas ya faɗo mini a cinya, cike da matattun ƙwari. Na manta ƙofa a buɗe take, fitilar tana kunne tun ɗazu, ina kai hannu ƙwan ya ƙona mini yatsa. Na kashe, na jira ya huce, sannan na ɓamɓare shi daga tsakanin 'yan ƙarafa biyun da suke riƙe da shi. Bai kai tsawon ɗan yatsana ba, cikinsa ya yi baƙi ƙirin. Na dube shi na ce, "Kai ne ka ja mini zagi shekara biyu." Na wurga shi bayan danga, can kan juji.

Na sa sabon, na kunna, shiru. Na ce shi ke nan ɗan birni ya yi mini wayo. Sai na tuna maganar juyawa. Ina juya shi ya kawo, fari tas, ko da rana sai da na kawar da ido. Na yi wa ta baya haka, na wanke murafen da sabulu na mayar. Ban faɗa wa kowa ba. Na haura arba'in a lokacin, ina da 'ya'ya huɗu, amma gaskiyar magana so nake Baba ya ɗago ya ce mini Allah ya yi maka albarka.

An yi ruwa kafin asuba, garin da hadari, duhun ya fi na kullum. Da gangan na tura makunnin inda fitilar ba za ta kama ba in an buɗe ƙofa. Suka shiga, na tayar da mota.

"Kunna mana abin nan naka."

Na kunna. Motar ta yi fari fat. Na ga zaren da ya warware a hular Baba, na ga ƙananan rubutun da ya yi da hannunsa a gefen shafi tun yana saurayi. A madubi na hango Baffa ya kare fuska da hannu, bakinsa yana motsi.

Baba ya ɗaga littafin da yake buɗe a cinyarsa, ya kai kusa da fuska, ya matsar. Ya ja tsaki.

"Yau kam ma ya fi kullum lalacewa. Kai malamin boko, ba ka jin kunya?"

Na ji hannun Baffa a kafaɗata, ya matse ni har da zafi. Da ina da hankali da na gane. Amma yatsana yana raɗaɗi, raina ya ɓaci, ina ganin an raina wahalata.

"Haba Baba! Sabon ƙwai ne fa, jiya na sa. Ko allura ce ta faɗi a motar nan sai an gan ta."

Magana zarar bunu. Tana fita na juya na dube shi, kuma ina jin ranar ce na fara duban idon mahaifina sosai cikin shekaru. Ya ɗaga kai yana neman fitilar a rufi, amma ba daidai inda take yake kallo ba. Ni da Baffa duk mun ƙanƙance ido saboda hasken. Nasa a buɗe suke, ko ƙiftawa bai yi ba.

"Sabo ne?"

"Sabo ne."

"Fari?"

"Fari ne, Baba."

Ya shafa shafin da tafin hannunsa, daga sama har ƙasa. Baffa ya yi ƙarfin hali ya ce, "Yaya, irin wannan hasken ai kashe ido yake yi. Miƙo in karanto maka."

"Bar shi." Ya rufe littafin. "Kashe, kada batir ya sauka. Mu je, mutane suna jira."

Muka kama hanya. Gero ya rufe hanyar dama da hagu, ganyensa yana shafar gilashi, ina ta kauce wa kwatami.

Ni a mota nake zama in jira su, amma ranar na bi su har bakin zaure. Baba ya zauna a kan buzunsa, aka gaisa, bai buɗe littafi ba. Ya ce musu idonsa ya tafi, daga yau su koma wajen wani malami da yake ƙauyen gaba, ya san shi, yana da tsoron Allah. Babu wanda ya yi mamaki, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Wani dattijo mai sayar da iri ya ce, "Malam, mu ai mun daɗe da sani. Mu ne masu karanta baƙin, kai fassara kake yi, kuma ba mu taɓa jin ka kauce ba. Don Allah a ci gaba yadda ake yi."

Baba ya ce, "Da ina cikin kokwanto ne, mai kokwanto kuwa yana da uzuri. Yau na samu yaƙini."

Ya yi musu addu'a. Ya tashi ya lalubi buzun ya naɗe da kansa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Dattijon nan yana share hawaye da hannun riga.

Da muka dawo gida Baffa ya bari sai da Baba ya shiga ciki, sannan ya tare ni a gindin darbejiya. Ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Duk gidan nan kai kaɗai ne ba ka sani ba. Uwarka ta sani, matarka ta sani, har masu ɗaukar karatu sun sani. Ka ɗauka ni ba na ganin tafin hannuna? Ƙwan nan shi ne ya riƙe mana shi shekara biyu. Shi yana zaginsa, mu muna taya shi, kowa ya rufa wa kowa asiri. An ce ka bari, an ce ka bari. Boko ya hana ka ji."

Na ce me ya sa ba a faɗa mini ba.

"A faɗa maka me? A ce ubanka ya makance? Wa zai fara furtawa?"

Na shiga gida. Na ga Inna ta ɗauki farar rigar ta sa a ƙasan akwati, ta ɗora zannuwa a kai. Da yamma na ɗauki fartanya na hau juji ina tono, kaji suna bina. Ban sami ƙwan ba. Ko da na samu ma ban san me zan yi da shi ba.

Daga baya ya yarda na kai shi asibitin ido. Likita ya ce jijiyar ta riga ta mutu, da an zo da wuri da an tsayar da abin inda yake. Wannan ma ta zauna mini a rai, don shekara biyun da aka yi ana zagin ƙwai su ne lokacin da likitan yake nufi. Har yau ban san wa ya fi cutar da shi ba, ni da na faɗa ko su da suka yi shiru. Na dai san da shirunsu yana da Alhamis, da maganata kuwa ba shi da ita.

Ya yi shekara ɗaya da wani abu bayan nan, a kan tabarma a soro, da carbi. Ya daina tambayar ranar mece ce yau. Ya rame, murya ta dusashe, tsokanar ma ya bari, malamin bokon nan da nake jin haushi ban sake jin sa a bakinsa ba. Bai taɓa ɗora mini laifi ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar da jikinsa ya tsananta, bayan sallar asuba muka ɗauko shi za mu kai shi asibiti. Muka kwantar da shi a kujerar baya, kansa a cinyar Baffa. Ina buɗe ƙofa fitilun biyu suka kama, suka haske fuskarsa. Ban zaci yana cikin hayyacinsa ba, sai na ji ya kira ni a hankali.

"Fitilar nan taka tana nan?"

"Tana nan, Baba."

"A kunne take?"

"A kunne take."

"Da haske?"

Na ce da haske. Sai ya ce, "To madalla. Ka iya gyara. Allah ya yi maka albarka."

Albarkar da na nema ke nan, ta zo a ranar da ba na iya ɗaga kai in karɓa. Bai dawo gida a motar ba, a asibitin ya rasu.

Motar tana nan, ta ƙara tsufa, an sauke injinta sau biyu. Mai shagon bai yi mini ƙarya ba, ƙwan ko dusashewa bai yi ba. Na tura makunnin inda fitilar ba za ta kama ba tun ranar da ya rasu, in zan fita da asuba a duhu nake lalubar sitiyari.