Tsakanin Ganuwa Biyu

Har yau warin kwalin ayaba yana kashe mini jiki. Shi na fara shaƙa ranar da na dawo daga makaranta na tarar da kwalaye jibge a ƙofar gidanmu na unguwar Shifa, can ƙasar Larabawa. Babana direba ne a kasuwar kayan marmari ta Aziziya, amma bai taɓa kawo mana kwali babu komai a ciki ba.

A makon ne malamar tarihi, wata 'yar Sudan mai yawan hamma, ta ba mu labarin Alesiya, wani gari a kan tsauni a ƙasar da yau ake kira Faransa. Mutanensa sun ƙi miƙa wuya ga Rumawa, sai Rumawa suka zagaye tsaunin da ganuwa, suka zauna jira. Da hatsi ya yi ƙasa, mayaƙan garin suka fitar da mata da yara da tsofaffi. Rumawa suka hana su wucewa, garin kuma bai sake buɗe musu ƙofa ba. Malama ta wuce zuwa bayanin yaƙi. Ni kuwa na so in tambayi me matan suka sha, kunya ta hana ni.

Ranar kwalayen, a cikin gida na sami Umma zaune a ƙasa tana naɗe kofuna da tsofaffin ɗankwalaye, idanunta a kumbure.

"An ɗora haraji a kan iƙamar iyali," in ji ta, wato takardarmu ta izinin zama a ƙasar. "Mu za mu koma gida, Babanku ya zauna."

Gidan da take nufi Kano ne, wajen dangin Baba, inda na taɓa zuwa yara suka yi ta dariyar Hausata.

Bayan la'asar Baba ya shigo, ya zube a kan tabarma ko hula bai cire ba.

"Uwata, wannan fuska fa? Wa ya mutu?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Halas, shi ke nan, shekara ɗaya ce, in biyo ku."

Yanzu na girma, na san irin wannan shekarar. Yana can har yau, furfura ta cinye gemunsa, ta waya muke gaisawa. Amma a ranar na yarda da shi. Na matso na zauna kusa da ƙafarsa, ina jan zaren tabarma, na ce:

"Baba, ka raka mu har ƙofar gidan. Kada ka juya sai ka ga an buɗe mana."