Farar Shadda a Kan Dutsen Castleton

Mun tashi daga unguwarmu Cheetham Hill a Manchester ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, da maƙwabcina mai mota, da wani abokinmu da ya zo daga Birmingham, wanda tun da ya sayi kyamara ba shi da zance sai na haske da inuwa. Dalilin tafiyar ɗaya ne. Idon Hajiyata yana dusashewa, ta ce in aika mata hotona tun tana iya gane fuska. Abokin nan ya kafe wai hoton da za a aika wa uwa ba a ɗaukarsa a ɗaki, akwai tsohuwar fada a kan dutse a Castleton.

Ni kuwa da na ji an ce hoto, sai na fito da farar shadda ta sha guga, da hula, da takalmi sau-ciki. Haka muka saba a gida. Ba wanda ya gaya min Turawa da rigar ruwa da takalmin taka laka suke hawa.

Hanya sumul, ba laifi. Amma a wani ƙauye da muka tsaya, banɗakin jama'a a garƙame yake, wai gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Dole muka sayi shayi salam mai tsadar tsiya don kawai a bar mu mu kewaya.

Muna fara hawa aka saki yayyafi. Ga taɓo, ga kashin tumaki, ga takalmina yana santsi. Ban yi nisa ba na zauna daɓas, wata tsohuwar Baturiya da sandarta ta wuce ni tana yi min sannu. Fadar kuwa kango ce, bango ba rufi. A garinmu hana yara shiga irinsa ake yi, nan har tikiti muka yanka.

"Kada ka motsa, light ɗin nan perfect ne," in ji mai kyamara, yana ta ja da baya. Na tsaya ina rawar ɗari, ina kare wajen lakar da hannu.

Sai a mota na duba aikin. Tsaunuka sun fito, gajimare ya fito, tumaki har gashin ido. Ni kuwa ga ni can gefen bango kamar ƙwayar shinkafa a faranti, mai lafiyar ido ma sai ya lalubo. Da haushina muka kamo hanyar Manchester.

Muna isa gida na jingina da bangon kicin, maƙwabcina ya ɗauki fuskata da waya, na tura wa ƙanwata. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, in an aike ka, kada ka bar gwani ya sauya maka saƙo. Ƙanwata ta ce Hajiya ta kai wayar dab da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ya rame. Ku tambaye shi ko yana cin abinci."