Giyar Mushe da Rantsuwar Inna

Shekara huɗu na yi ina dafa wa wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa abinci a Matameye, kafin a ba mu mulkin kai, kuma a shekarun nan ko albasa ban taɓa ƙona masa ba. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane Nasara. Dogo ne mai jan wuya, yana jin Hausa ta ciniki, ba shi da duka, ba shi da zagi sai in zafi ya dame shi. Aiki ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Sa'o'ina duk rani sai su ɗaura ƙunshi su nufi Kano cin rani, yayana ma haka, ni kuwa ina gida ina kwana a ɗakina.

Inna, mahaifiyata, a gidana take tun rasuwar babanmu, kuma ba ta so aikin ba ko kaɗan. Ranar da na gaya mata na samu, tana kaɗi, ba ta ko ɗago kai ba. Sai da ta cika mazari sannan ta ce, "Ka dafa masa abin da ka ga dama, ban da alade. Amma na rantse da Allah, ranar da hannunka ya taɓa kwalbar giyarsa, bakina ya bar tukunyar gidanka." Na ce na ji. Na san Inna. In ta ce ba ta bi ta wata hanya, ko damisa ce a ɗaya hanyar ta can za ta bi.

Na faɗa wa Mushe sharaɗin tun ranar farko. Ya yi dariya ya ce ba komai. Shi yake zuba abinsa da kansa, kofunan kuma mai gadin gidan ke wankewa, wani tsohon soja da ya yi yaƙi a ƙasar su Mushe ya dawo da gurguwar ƙafa da baki kamar na maroƙi. Haka muka zauna lafiya lau, har shekarar da Mushe ya ce ya gaji da giyar da ake sayarwa a kantin Damagaram.

Ya shigo madafa rannan da wasiƙa a hannu, fuska cike da murna, ni kuwa ina fama da miya. Wai akwai wani gida a ƙasarsu, tun kakan kakansu sana'arsu ke nan, matse inabi su yi jar giya su ajiye a rami ƙarƙashin gida shekara da shekaru. Babansa a can yake saye, kakansa ma haka. Yanzu wata tsohuwa ke riƙe da gidan, ita ya rubuta wa, kuma ga amsa ta zo. Za ta sayar masa kwalba goma sha biyu, kowace da shekarar da aka yi ta a rubuce a takardar da ke manne a jikinta. A cikinsu har da ɗaya ta shekarar da aka haife shi, tsohuwar ta ce ita kaɗai ta rage a ramin.

Na ce, "Mushe, to ba ta da sabuwa ne?"

Ya ce tsohuwar giya ai ta fi tsada, nesa ba kusa ba. Na dube shi, na dubi miyata. Mu fura in ta kwana biyu sai a ba kaji, su kuma abin da ya shekara talatin a rami shi suke rubuta wasiƙa a kai, har da godiya. Na ci gaba da juya miyata, aikina dahuwa.

Wata huɗu kayan suna hanya: jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa zuwa Kano, sannan kamiyo, babbar motar kaya. Abin haushi, kamiyon nan ta ƙofar gidanmu ya wuce da akwatin, ya kai shi Damagaram don a buga masa hatimin duwan, wato kwastan, sai da muka bi shi can muka dawo da shi. Ni da tsohon soja aka aika. Shi ya ɗauka, shi ya sauke, shi ya zauna a kai a bayan mota, ni ina can gefe kan buhunan gishiri, hannuwana a cikin riga. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ce, "Malam kuku, matso ka tallafa mana!" Fasinjoji suna ta dariya. Wallahi da ba don furfurarsa ba da na gaya masa magana.

Mun iso muka tarar Mushe yana haɗa kaya. An kira shi Yamai, zai yi kamar wata biyu. Bazara ta kama, irin wadda ƙadangare ma yake neman inuwa. Ya sa tsohon soja ya ɓalle katako ɗaya, ya leƙa, ya ga kwalaben kwance cikin ciyawa, ya shafa ɗaya kamar mai shafa kan jariri, aka mayar aka buga ƙusa. Ya ce da ni abu biyu: kada a tsayar da su, a bar su kwance, kuma a sa su inda ya fi ko'ina sanyi, domin zafi yana kashe su. Ya hau mota ya tafi.

To ina sanyi a gidan nan? Mangazar da ake ajiye kaya rufin kwano ce, da rana ko gurasa ka sa a ciki za ta gasu. Ɗakin kwanansa ya kulle ya tafi da makulli. Na zagaya gidan sau uku, sai idona ya faɗa kan rumfar randuna a bayan madafa, inda muke kafa randa cikin jiƙaƙƙen rairayi ruwa ya yi sanyi har ya riƙe haƙori. Na ce shi ke nan, an gama. Na sa tsohon soja ya haƙa rami a gindin randunan, ya kwantar da akwatin, ya rufe da rairayi. Safe da yamma ni da kaina nake kwara guga biyu a wurin. In na sa tafin ƙafa na ji sanyi, sai in ji daɗi, in ce Nasara zai dawo ya ga dabarar Bahaushe.

Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Ni da na tashi ina ganin ana ɗora rumbu kan duwatsu, ni da na san ko tabarma ba a bari ta kwana biyu a ƙasa mai laima, na ɗauki katako da ciyawa da takarda na binne, ina ba su ruwa wata biyu cur. Ko toka ban barbaɗa ba. Da matata na tambaya da ta faɗa mini, amma ina! Maganar giya ba ta shiga gidana.

Mushe ya dawo da hantsi, ko ruwa bai sha ba ya ce ina kayansa. Na kai shi rumfar ina taƙama. Tsohon soja ya sa hauya a hankali, sara biyu sai ga gara tana tafasa. Babu akwati. Katakon ya zama ƙasa, ciyawar ta zama ƙasa, ƙusoshi kaɗai suka rage. Kwalaben suna nan kwance reras, sha biyu, sanyi ƙalau, bakinsu da darma a rufe ba abin da ya same shi. Amma takardun jikinsu, ko ƙyallin ɗaya gara ba ta bari ba. Duk sun zama iri ɗaya, baƙaƙe, tsirara.

Mushe ya durƙusa. Da ya buɗe baki da Faransanci ya fara, na gode Allah ban ji rabinsa ba. Sannan ya juyo da Hausarsa ya ce, "Wacce ce tawa? Kuku, wacce ce ta shekarata?" Me zan ce masa? Na ce Allah ya ba shi haƙuri. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ban taɓa yi wa mutumin nan ɓarna ba, kuma wannan ɗin ma garin gyara na yi ta.

Ya sa aka jawo teburin da nake yanka nama, tsohon soja yana ciro kwalaben ɗaya ɗaya yana kwantarwa a kai, Mushe yana ɗaga kowace ga hasken rana ko zai gane wani abu. Ni ina tsaye a ƙarshen teburin, hannu a baya kamar kullum. Teburin nan yana da gajeriyar ƙafa ɗaya, ni ne nake tokare ta da ɓallin tukunya, kuma da aka jawo shi ɓallin ya zauna a can. Mushe ya dafa gefe, tebur ya karkata, kwalba ɗaya ta gangaro wajena, a ƙasa kuwa ga dutsen niƙa. Mushe ya yi wata ƙara. Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba. Hannun mai dahuwa ne, ya saba cafe abin da zai faɗi. Sai kawai na gan ta a tafina, sanyinta yana ratsa ni.

Na dire ta kamar na ɗauki garwashi. Mushe ya rungume ni, ya ce wataƙila ita ce ta shekararsa, wa ya sani, ya ce ya yafe maganar gara. Na roƙi tsohon soja, har da kama gwiwarsa, kada ya faɗa wa kowa. Ya ce haba, shi da ya riƙe asirin yaƙi. Kafin la'asar duk 'yan tasha sun ji yadda kukun Mushe ya cafe kwalba a sama kamar shaho, kuma yabona yake yi, tsohon banza.

Da na koma gida na tarar Inna zaune a ƙofar ɗakinta, akushin tuwo a gabanta a rufe. Ta ce, "Gaskiya ne?" Na fara bayani, na ce faɗuwa za ta yi, ba da niyya ba ne, na wanke hannun sau bakwai. Ta ce, "Ban tambaye ka niyya ba. Ka taɓa?" Na ce na taɓa. Ta tura akushin da bayan hannu, ta kira matata ta ce ta ɗauke.

Ba inda ban je ba. Na kawo Malam na unguwarmu har gida, ya zauna ya yi mata bayani cewa abin da aka yi ba da gangan ba babu laifi a kansa, kuma rantsuwa irin tata tana da kaffara, in ta ciyar da miskinai goma ta warware. Ta saurare shi da ladabi, ta ba shi goro, ta ce ta gode. Washegari ta kafa murhunta a bayan ɗaki, duwatsu uku da 'yar tukunya, tana dafa geron da yayana ke aiko mata. Tsohuwa mai ciwon baya tana daka da kanta, a cikin gidana, matata tana tsaye tana kallo ba halin ta karɓi taɓarya! Na yi fushi, na yi lallashi, na yi kwana uku ban gaishe ta ba, na dawo na durƙusa. Da kaka ta wuce na bar aikin ɗungurungum na koma gona, da na girbe na zo na ce mata to ga shi, gero na gumina ne yanzu. Ta ce ita ba a kan aikin ta rantse ba, a kan hannun ne.

Mushe kuwa ya shanye kwalabensa sha biyu kafin ya koma ƙasarsu. Tsohon soja ya ce mini duk wadda ya buɗe sai ya daɗe yana sansanawa, ya kurɓa, ya girgiza kai, har ta ƙarshe bai san ranar da ya sha ta shekararsa ba. Shi dai ya sha abinsa.

Shekara shida Inna ta ƙara a duniya. Kullum da yamma matata tana kai mata akushi, kullum yana dawowa da faifansa a kai. A ciwonta na ƙarshe, da ta kasa tashi ta hura wuta, geron yayana kuma ya ƙare bai aiko ba, na dama kunu da kaina na kai mata. Na tallafo kanta, na kai ludayi bakinta. Ta buɗe ido ta ce, "Na gidan wa?"

Da na ce na maƙwabta ne da ta sha. Amma na ce, "Na gidana ne, Inna." Ta shafa mini hannun, wannan hannun dai, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta juya fuskarta wajen bango.