Matar da Ta Ce In Dubi Hannun Riga

Yau shekara ashirin ke nan da rasuwar Mama Nkechi, telar mata a Sabon Gari, kuma har yanzu ba na buɗe gwangwanin fenti ban tuna da ita ba.

A shekarun 1950 na san ta. Mijina Modu ke rubuta allunan shaguna a Fagge, haka dai gari ya sani. Gaskiyar magana, haruffa kaɗai yake yi. Zakuna da furannin da ake ta yabo, ni ke zana su a tsakar gida. Da Allah Ya yi masa rasuwa, yayyensa suka ce a sayar da kayan aikin, tunda babu magaji. Ni kuwa tsoro nake ji. Wa zai kawo wa mace allo?

Da na fita takaba na kai wa Mama ɗinki. A bangon shagonta akwai shafin wani tsohon littafi: mace da takobi, ita da baiwarta sun danne sarkin yaƙin da ya yi wa garinsu ƙawanya. Na kau da kai.

"Falmata, bar kallon jinin," in ji ta. "Dubi hannun rigarsu, a naɗe har gwiwar hannu. Wadda ta san aiki ce ta zana wannan. Ke ma ga fenti nan a farcenki. Modu, Allah Ya jiƙansa, ko kaza bai iya zanawa ba."

Ashe ta daɗe da gano ni. Washegari ta iso zaurenmu da katako, ta faɗa a gaban yayyen mijina cewa allon shagonta take so, da sunana a ƙasa. A gabansu na fara zanen. Babban yaya ya tsaya har na gama furen farko, sannan ya ce a mayar da gwangwanayen fentin ɗaki, an fasa sayarwa.

Bara jikata mai karatun zane a jami'a ta binciko mini cewa lallai wata mata ce a ƙasar Italiya ta zana hoton, shekaru aru-aru da suka wuce. Da Mama na nan, na san dariya za ta yi: "Sai da kuka je jami'a kuka sani?"

Allon ya daɗe da ruɓewa, shagon ma an rushe shi. Ina kewarta ƙwarai. Amma 'yan mata na zuwa gidana koyon zane, kuma duk wadda ta zo, kafin in miƙa mata buroshi, da kaina nake naɗe mata hannun riga.