Yayana Ba Ya Tsallake Talla

Yayana tela ne, kuma a waya yake koyon sababbin ɗinkuna. Kun san tallar nan da ke faɗowa kafin bidiyo ya fara, wadda kowa ke dannawa ya tsallake? To shi sai ya ajiye almakashi, ya gyara zama, ya kalle ta har ƙarshe. Ko da ta man gashi ce, alhali kansa sanƙo ne ƙwal.

"Mai bidiyon nan da tallar yake cin abinci," in ji shi. "In koyi aiki a wajensa kyauta, sannan in ture masa kwano? Ba da ni ba."

Ina son yayana, amma wallahi wani lokacin haushi yake ba ni.

Wata Asabar na je gidansa, sai famfon kicin ya ɓalle. Ruwa ya cika kicin ya nufi falo, inda Anti, matarsa, ta shimfiɗa sabon kafet ɗin da ko yara ba ta bari su taka. Mai gyaran famfo bai ɗaga waya ba. Yaya ya nemo bidiyon gyaran famfo, talla ta faɗo.

"Baban yara, tsallake!" in ji Anti.

"Ki yi haƙuri, ta kusa ƙarewa."

Na ce, "Haba Yaya, ruwa fa ya kai bakin ƙofa!"

Ya ɗaga wayar sama don kada mu fizge, yana tsaye cikin ruwa yana kallon tallar katifa. Tana ƙarewa wata ta biyo baya. Kafin mai bidiyon ya yi sallama ya ce a fara rufe babban famfo na waje, kafet ya sha ruwa ya ƙoshi. Anti ta naɗe kafet ɗinta ta kai waje ta shanya.

Da yamma Yaya ya zauna jiran abinci, yunwa na cinsa. Anti ta shigo da tire, ta tsaya nesa da shi, ta ɗaga sabulun wanki ta fara yabonsa: ga kumfa, ga ƙamshi, ga sauƙin kuɗi.

"Maman yara, abincin zai huce."

"Ka yi haƙuri, ta kusa ƙarewa," in ji ta. "Saura ta man gashi."