Takardar Sauka

Auta 'yar ƙanena ce, amma a hannuna ta tashi tun tana shekara huɗu, bayan rasuwar uwarta. Ni abinci kawai nake ba ta, tsoro ne ya raine ta. Tana tsoron kare, tana tsoron tsawa, tana tsoron duk mutumin da ke zaune a bayan tebur. In aka buga ƙofa da ƙarfi, kafin a buɗe ta riga ta fara laluben laifin da ta yi. Aji huɗu ta yi a makaranta ta gudu. Tana iya harhaɗa baƙi ta karanta sunan magani, amma takardar ofis mai ƙananan rubutu, kallonta take yi kamar maciji a cikin tulu.

Shekararta goma sha ɗaya a kamfanin wanki da guga, inda ake wanke zannuwan gadon otal-otal. Na taɓa kai mata abinci na ga wurin. Wani ƙaton ɗaki ne mai rufin kwano, tururi ko'ina, da injin guga mai naɗi, tsawonsa ya kai mota. Mata biyu a gaba suna tura masa zani, biyu a baya suna karɓa da zafinsa suna ninkewa. Auta tana cikin na baya. Zafin nan ya shafe mata zanen yatsu tas. Na ce mata, ke da ɓarauniya ce da kin huta, ba ɗan sandan da zai kama ki. Ko dariyar sai da ta waiga tukuna ta yi.

Mijinta kafinta ne, mutumin kirki, amma aikinsa yau akwai gobe babu. Albashinta ne ke riƙe da ɗakunanmu biyu, kuma da katin asibitin kamfani take ganin likita. Sau biyu tana yin ɓari, duka a wata na huɗu, duka bayan tsayuwar wuni a bakin injin. Da aka samu na uku ba ta gaya wa kowa a wurin aiki ba. Ta ga mata biyu da suka faɗa, wata bai zagayo ba aka daina ganinsu, ba wanda ya ce ga dalili. Sai ta samo wani dogon ƙyalle take naɗe cikin da shi kowace safiya kafin ta ɗora rigar aiki. Ina zaune ina kallonta tana jan numfashi tana ɗaurewa.

Na ce, “Wannan ɗa ne ko kayan sata?”

Ta ce, “Gwaggo, bari a kai wata shida. In na kai shida sai in faɗa.”

Ta kai bakwai ba ta faɗa ba. Ƙafafunta ne suka tona mata asiri, suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Likita ta danna mata ƙauri da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Ta ce jininta ya hau, tsayuwa ta ƙare, in ba haka ba a rasa ɗan ko a rasa su biyun. Muka dawo gida. Ni da ake cewa bakina ba ya hutu, rannan ya huta.

Ran Talata ta shiga ofis. Akwai wani mai kula da takardun ma'aikata, suna ce masa Mai Fayil, mutum mai sanyin murya da turare. Ya ba ta kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ai abin farin ciki ne, me ya sa ta ɓoye. Ya zaro farar takarda guda ya miƙa mata, ya ce, “Ga takardar sauka. Ki sa hannu a nan ƙasa ki kawo gobe, sai ki je ki huta. Allah ya sauke ki lafiya.”

Ta kawo takardar gida a cikin jaka, ta shimfiɗa a kan tabarma tana ta kallo. Ta ce gabanta yana faɗuwa, ko a bari mijinta ya dawo daga aikin da ya tafi yi wani gari, ko a nemi mai karatu. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai barci ya ƙaurace mini. Na ce me mutumin ya kira takardar? Ta ce takardar sauka. Na ce to mai ciki wata bakwai me take jira a duniya in ba sauka ba? Har addu'a ya yi miki. Ke komai tsoro, inuwarki ma tsoro. Sa hannu mu huta.

Ta sa. Ran Laraba ta kai.

Ran Alhamis aka kira ta kamfani, da la'asar ta shigo da leda a hannu, a ciki akwai kofinta da silifas ɗinta na aiki. Ta zauna a bakin gado ba ta cire gyale ba. Ta ce mai sito ya karɓi rigar aikinta da katin shiga, ya rubuta a littafi. Ya kuma nemi makullin akwatinta na ajiye kaya, ta ce masa ta manta shi a gida.

Ban yi boko ba, amma na yi wanke-wanke a gidajen mutane shekara talatin. Na san wadda za ta dawo ba a karɓar rigarta. Sai na ji kalmar nan ta juye a cikin kaina kamar an kifar da kwano. Mai ciki tana sauka, haka ne. Amma mai muƙami ma yana sauka, kuma shi in ya sauka ba ya komawa.

Na ce, “Auta, da ya ce sauka, ya ce daga me?”

Ta dube ni. Na ga lokacin da ta gane, don fuskarta ta yi fari kamar zanin da take gogewa. Ta dafa ciki da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce a hankali, “Katin asibitin fa, Gwaggo?”

Likita ta riga ta ce haihuwar nan ba ta gida ba ce, wataƙila sai an yi aiki.

Na ɗauki mayafina na tafi wurin wata abokiyar aikinta da ake kira Rediyo, don ba a taɓa kashe ta ba. Ita ce wakiliyar ma'aikata a ɗakin guga. Na same ta tana shanya. Da na ba ta labari sai ta ajiye bokiti.

Ta ce, “Mama, kin ga hutun haihuwa takardarsa daban ce, ruwan ɗorawa ce, kuma da ita albashi yana tafiya wata uku, kati yana aiki, gurbinki yana jiranki. Farar nan ta ajiye aiki ce. A ciki an rubuta cewa da son ranta ta bari. Wadda ta bari da son ranta, a ƙa'idar kamfaninmu, ko sisi ba ta da shi. Wa ya ce ta sa hannu ba ta nuna mini ba?”

Na ce, “Wata tsohuwar banza ce.”

Ta kalle ni ta gane, ta yi mini kara ba ta ƙara ba. Ta tambaya ko an karɓi komai da komai. Na ce ban da makulli. Ta ce to da sauran numfashi. Takardar ba ta hawa teburin manaja sai mai sito ya sa hannu cewa an mayar da kayan kamfani duka. Amma ita Rediyo ba za ta iya janye takardar wani ba. Dole mai takardar ta tsaya gaban manaja da bakinta ta ce ba ta yarda ba.

Auta, gaban manaja. Na dawo gida.

Na tambayi Auta ina makullin. Ta zaro shi daga cikin rigarta, a igiya. Ashe ba mantawa ta yi ba. Ƙyallen da take ɗaure ciki da shi, wanda ta kwance a wurin aiki, yana cikin akwatin, kunya da tsoro suka hana ta bari mai sito ya buɗe ya gani. Na ce yau dai tsoronki ya yi mana rana.

Ran Juma'a da safe muka tafi mu uku. Mai gadi ya hana ni wucewa, Rediyo ta ce masa in matar nan ta faɗi a matakala shi zai ɗauke ta? Ya buɗe. Ofishin manaja yana sama, sanyi kamar cikin firji. Manajan yana ta duba waya. Mai Fayil yana tsaye a gefe da murmushinsa.

Na shirya maganganu tun daga gida, masu zafi, waɗanda za su kwaɓe wa mutum fata. Rediyo ta matse mini hannu. Ta ce in na buɗe baki za a ce rigima muka kawo, a kira mai gadi.

Manaja ya ce wa Auta, “Ina jin ki.”

Auta ta sunkuyar da kai. Ina ganin jijiyar wuyanta tana bugawa. Gumi yana bin bayan kunnenta a cikin sanyin nan. Na ce a raina shi ke nan, yanzu za ta ce a yi haƙuri ta miƙa makulli, ko ta zube a nan jinin ya hau gaba ɗaya, ni na kashe ta.

Mai Fayil ya ce, “Ranka ya daɗe, ta riga ta sa hannu a takardar sauka. Makulli kawai ya rage.”

Sai na ji muryar Auta, siririya kamar zare. Ba manaja ta kalla ba, Mai Fayil ta kalla.

“Malam, da ka ce Allah ya sauke ni lafiya, na ce amin. Daga ina ka roƙa a sauke ni?”

Ya yi 'yar dariya ya ce ai magana ce ta fatar baki.

Ta ce, “Ni sauka ɗaya na sani, kuma ba a ofis ake yin ta ba. Ban ajiye aiki ba. Hutun haihuwa na zo nema. Shekarata goma sha ɗaya ban taɓa makara ba, a duba littafi.” Ta damƙe makullin a ƙirji. “Wannan kuma ba zan bayar ba.”

Rediyo ta ajiye takardar likita a kan tebur, ta ce akwai mata biyu da suka tafi bara da irin farar takardar nan, in ana so a kira su a tambaye su me aka ce musu sunanta. Manaja ya ajiye waya. Ya daɗe yana kallon Mai Fayil. Ban san ko bai sani ba ne, ko kuwa ya sani yana lissafin abin da zai fi masa arha. Ya ce a kawo mata mai ruwan ɗorawa. Rediyo ta karanta mata ita layi-layi, da ƙarfi, sau biyu, kafin ta sa hannu. Farar kuwa na ce a ba ni. Wannan ce kaɗai maganar da na yi a ɗakin.

Da muka fito, Auta ta tsaya a kan matakala. Ta zauna ta yi amai a cikin ledar da na riƙo.

Bayan sati biyar aka yi mata aiki, aka ciro mace, 'yar ƙarama kamar kwalbar lemo, amma da murya. Wannan muryar tawa ce, ba ta uwarta ba. Kati ya yi aiki. Da maƙwabciya ta leƙo tana tambaya wai Auta ta sauka, sai da gabana ya faɗi kafin na ce eh.

Mai Fayil yana nan a kujerarsa. Rediyo ta ce an ɗauki wata yarinya tana riƙe da bayan injin, wai na wucin gadi. Saura sati uku hutun ya ƙare, kuma ba wanda ya san abin da Auta za ta tarar. Makullin yana rataye a ƙusa a saman gadon jaririyar. Kowace safiya, kafin ta ba da nono, sai ta ɗaga kai ta tabbatar yana nan.