Kwalaben Gidan Barista Ladi

Har gobe ban manta da ranar da Barista Ladi ta zo asibitinmu tare da gwaggonta ba. Lokacin ban daɗe da kama aiki a Dubai ba, a sashen ba da shawarar abinci na wani asibitin kuɗi. Ƙa'idarmu ita ce a auna mutum, a tambaye shi cinsa da shansa, abin da ya faɗa kuma ba ya fita daga ɗakin.

Barista 'yar Jos ce, lauya a wani babban kamfani, digirinta biyu. Mun yi watanni muna fama da ƙibarta, sikeli ya ƙi sauka. Ni na san dalili, don ta gaya mini: barasar inabi kofi biyu kullum bayan aiki, ranar Asabar kuma liyafar otal da abokai.

Gwaggon, wadda ta zo hutu daga gida, ko zama ba ta yi ba ta dube ni ta fara:

"'Yata, na gano matsalar. Asabe ce, mai aikin gidan. A buge take girki, shi ya sa take tuttula mai. Na ga kwalabe a shara. Yarinyar da ko firamare ba ta gama ba, me ta sani ban da sha? Gobe za a soke bizarta."

Barista ta duƙufa kan wayarta.

Na roƙi Gwaggo ta je a gwada mata hawan jini. Da ta fita na ce, "Ranki ya daɗe, bakina a rufe yake. Amma ke kika ce mini marayu Asabe take ciyarwa a gida. Kuma kin san albashinta ba ya sayen irin kwalaben nan."

Sai da Gwaggo ta dawo sannan Barista ta ajiye wayar, ta ce, "Gwaggo, kwalaben nawa ne. Ni nake sha."

Gwaggo ta dube ta, ta dube ni, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Au, irin na Turawan nan ne? To ai wannan ba giya ba ce. Na masu ilimi ne."

Asabe ta ci gaba da aikinta, ba wanda ya ba ta haƙuri. Barista ta koma kofi ɗaya, ƙibar ta fara raguwa shwaiya-shwaiya, wato sannu a hankali, in ji Larabawa.

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata: ku yi wa kowace mace tambayar sha, kada digiri ko tsadar jaka su sa ku jin nauyi. Abin da ke cikin kwalbar ɗaya ne. Sunansa kawai ke canjawa, gwargwadon albashin mai riƙe da kofin.